Tamaular Amurka da Zaman Ekklesiya

Mutanen Amurka suna da wani wasa da su ke kira ƙwallon ƙafa, amma yawanci da hannu a ke yinsa. Ƙwallon ma ba kewayayye ba ne, ya fi kama da gwanda. Manyan makarantu biyu, Rutgers da Princeton, su suka yi karawar da a ke lissafta ta fari, cikin 1869. Yanzu manyan ƙungiyoyinsu sun fi yin wasa ran Lahadi. Bari mu duba wasan nan, 'yan'uwa, gama in mun yi dariya za mu tarar da kanmu mu ke yi wa.

Kowane gefe mutum 11 ke shiga fili. Amma filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 100,000, kowannensu kuwa a ganinsa ya fi 'yan wasa sanin abin da ya kamata a yi. Ran da a ke gyaran rufin majami'a, mutum nawa ke zuwa? Ran da rufin ya yi yoyo fa, bakin mutum nawa ke buɗewa?

Wasan minti 60 ne bisa agogo, amma ya kan ci sa'a uku. Sa'anda ya rage minti biyu, alƙali ya kan tsai da wasa domin kowa ya sani, minti biyun nan kuwa su kan kai kwata. Wanda ya taɓa jin mai-wa'azi ya ce, "Daga ƙarshe, 'yan'uwa," ya san irin wannan agogo.

Ga abin da ya fi girma. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su zarafi huɗu su ci gaba yadi 10. Kafin su gwada, su kan taru su kewaye madugunsu, su sunkuya, su haɗa kai a zahiri, shi kuwa ya faɗa wa kowa inda za ya bi. An ce wannan al'ada ta fito daga Gallaudet, makarantar kurame a Washinton, wajen 1894. Madugunsu Paul Hubbard ya ga abokan karawa suna karanta maganar hannunsu daga nesa, sai ya sa mutanensa su kewaye shi. Amma ba a barinsu su daɗe. Daƙiƙa 40 ce tsakanin gwaji da gwaji. In suka wuce, alƙali ya hura usur, a komar da su baya yadi biyar. Ba a taɓa ba kowa maki ko ɗaya domin kyan taronsa ba.

Sujadarmu ta Lahadi ita ce haɗa kan nan. Wajibi ce, gama wanda bai ji umurni ba za ya yi gabas sa'anda sauran suka yi yamma. Amma ku ɗauka wata ƙungiya ta taru, madugu ya yi magana, suka ce, "Kai, yau ya yi magana mai daɗi!", sa'an nan kowa ya koma benci ya jira taro na gaba. Mun san ekklesiyoyi masu kwamiti bakwai, da littafin rahoto mai kauri, ga gwauruwa a bayan majami'a wata uku ba wanda ya leƙa ɗakinta. Yakubu 1:22-27 a kan wannan ya ke magana. Ku karanta shi tare a gida.

Akwai kuma ƙatti biyar da ke tsayawa gaban madugu. Aikinsu su tare abokan gaba kada su danne shi. Huɗu daga cikinsu su kan gama wasa ba su taɓa ƙwallo ba, ba a kuwa cika jin lambarsu ba sai sun yi laifi alƙali ya shelanta. Haka mai-buga ƙararrawa, haka tsohuwar da ke sharar majami'a ran Asabar: ba mu tuna da su sai ƙararrawa ta makara. Bulus ya nuna cikin 1 Korintiyawa 12 cewa gaɓoɓin da a ke rainawa jiki ba ya iya rabuwa da su. Madugan Amurka dai sun gane. Da yawa cikinsu su kan saya wa ƙattin nan kyautai masu tsada lokacin Kirsimeti, gama sun san masu tsare musu haƙarƙari.