Motar Ƙungiya Ta Rasa Ƙarfi: Wane Famfo Za Mu Canja?

Ƙungiyoyinmu da yawa suna da a-kori-kura mai shan man dizal. Ita ke ɗauko taki kafin damina, ita ke kai masara da waken soya da doya kasuwa da kaka, ita ce kuma ke kai marar lafiya asibiti da tsakar dare. Kuɗin da aka saye ta da shi gumin mutane da yawa ne. To, ran da ta soma nishi a kan tudu, ko ta ƙi tashi da safe sai an tura, maganar da direba ya fi kawowa gaban kwamiti ita ce, "Famfo ne, a canja shi," ko kuwa, "A kai ta a ƙara mata mai." Kafin ma'aji ya buɗe akwati, ya kamata mu san wane famfo ake nufi, gama famfon mai iri biyu ne a motar dizal, kuɗinsu kuwa ba ɗaya ba ne ko kusa.

HANYAR DA MAI YAKE BI

Injin dizal ba shi da fulogi irin na fetur. Fistan ne yake matse iska har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mai a cikinta ya kama wuta da kansa. Rudolf Diesel ya gama injinsa na fari mai aiki a Jamus a 1897, kamfanin Bosch kuma ya soma ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927.

Mai yana tashi daga tanki, ya bi bututu, ya ratsa filta, ya shiga babban famfo, wanda kanikawa suke kira injekta. Daga nan ya tafi nozul na kowace silinda. Abin da ya ragu ya koma tanki ta wani bututu dabam.

Aikin ƙaramin famfo shi ne ɗauko mai daga tanki kawai. Aikin babban famfo shi ne auna mai daidai, ya tura shi da ƙarfi a daidai lokacinsa. Bari mu gwada su da awon psi, wanda mai faci yake karantawa a agogonsa. Tayar mota tana ɗaukar wajen psi 35. Ƙaramin famfo irin wanda ke manne a waje yawanci bai kai ko rabin wannan ba. Babban famfo kuwa sai ya wuce psi 1,500 kafin nozul ya buɗe.

A wasu motoci, kamar Land Rover mai injin Tdi, ƙaramin famfon yana manne a gefen inji. A Toyota Hilux mai injin 2L ko 3L ko 5L, da Land Cruiser mai injin 1HZ, yana ɓoye a cikin babban famfon, daga can yake zuƙo mai tun daga tanki. Abin da muke dannawa a kan filta famfon hannu ne na fitar da iska.

Ga abin da ya fi muhimmanci a darasin nan. Babban famfo irin na waɗannan motoci ba ya samun baƙin mai daga inji. Man dizal ɗin da ke ratsa shi, shi ne yake sa ƙarafansa santsi, shi ne kuma yake sanyaya shi. Saboda haka in mai ya yi masa kaɗan, ko ya zo da iska, ko da ruwa, ƙarfe ne yake cin ƙarfe.

ABIN DA YA FARU A AMURKA

Manoma da masu jan tirela a Amurka sun koyi wannan da tsada. Akwai babbar a-kori-kura mai suna Dodge Ram, mai injin Cummins na lita 5.9, silinda shida. Daga 1994 zuwa farkon 1998 tana da babban famfo Bosch P7100, wanda baƙin man inji ke yi wa santsi, ya kuwa yi suna wajen ƙarko. Daga tsakiyar 1998 zuwa 2002 aka koma ga Bosch VP44, wanda ya dogara ga man dizal kaɗai. Ƙaramin famfonta na lantarki ne, an ɗaura shi a jikin inji, nesa da tanki, inda zafi da girgiza suke.

In ƙaramin famfon ya gaji, motar ba ta tsayawa nan da nan, domin babban yana iya zuƙo ɗan abin da zai tafi da shi. Direba yana ta tafiya bai sani ba, har ran da babban famfon ya mutu. Abu mai araha ya kashe abu mai tsada. Maganin da masu motocin suka samo shi ne su sa ƙaramin famfo mai ƙarfi kusa da tanki, su ƙara filta mai raba ruwa, su kuma sa agogo a gaban direba mai nuna ƙarfin turin mai. Motocinmu ba irin tasu ba ne, amma gani ga wane ya ishi wane.

GWAJI KAFIN SAYE

Kada a sayi kome sai an bi waɗannan matakai bi da bi, a gaban mutum ɗaya daga cikin kwamiti.

1. A duba filtar iska. Ƙurar hunturu tana toshe ta, injin da ba ya shaƙar iska sosai kuwa ba ya ja, sai baƙin hayaƙi.

2. A kwance ƙasan filtar mai, a tsiyaye abin da ke ciki a kwalba mai haske. In akwai ruwa za a gan shi kwance a ƙasa. A sa sabuwar filta, a danna famfon hannu har ya yi tauri.

3. A buɗe murfin tanki bayan tafiya. In an ji ya ja iska da ƙarfi, ƙofar shan iskarsa ta toshe.

4. A sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da babban famfo, a tā da inji. Kumfa mai wucewa ba fasawa alama ce iska tana shiga. Tsohon tiyo da famfon hannu da ya tsufa sukan sha iska ba tare da mai ya ɗiga waje ba.

5. A zuba mai mai tsabta a jarka, a haɗa tiyo daga jarkar zuwa filta, a ɗaure ta sosai, a hau tudun da motar ta saba gazawa. In ta ja da kyau, babban famfo lafiyarsa lau, laifin yana tsakanin tanki da filta. A sauke tanki a wanke, a busa bututu.

6. In har yanzu ba ta ja, a kai nozul a gwada su. Sai bayan wannan za a yi zancen babban famfo, a kai shi wurin masu injin gwaji na musamman, ba gindin bishiya ba.

IN ZA A ƘARA FAMFON LANTARKI

Wani lokaci tanki da bututu da filta duk lafiya, amma motar tana wuyar tashi in ta kwana, ko mai yana yanke mata in ta ɗauki kaya. A nan ƙaramin famfon lantarki yana da amfani. Ga sharuɗɗansa:

1. Ya zama wanda aka yi domin dizal, mai turi kaɗan, wajen psi 4 zuwa 7. Famfon motar fetur ta zamani yana ba da psi 40 ko fiye. Irin wannan yana iya fasa robar bakin babban famfo. A injin Hilux da muka ambata, man da ya zuba daga nan yana sauka wurin bel ɗin taimin, in bel ya tsinke kuwa aikin ya koma na inji duka.

2. Ya zama irin wanda mai ke iya ratsa shi ko da ya mutu, domin kada ya tsai da mota a daji.

3. Wutarsa ta dace da ta motar, ko bolt 12 ko 24.

4. A ɗaura shi a jikin shasi, kusa da tanki, ƙasa-ƙasa, nesa da salansa, inda dutse da kututture ba za su buge shi ba. Famfon lantarki ya fi iya turawa da ja.

5. A sa ƙaramar rariya kafin mai ya shige shi, filta mai raba ruwa kuma bayansa. Kada a cire filtar motar ta asali.

6. A ba shi fiyus da rile nasa, ya mutu in an kashe makulli. Kada a haɗa shi kai tsaye da batir. Gwanin waya yana iya haɗa shi yadda zai tsaya da zarar inji ya tsaya, wannan kuwa ya fi, saboda ranar haɗari.

Mu sani fa, wannan famfo ba ya ƙara wa inji ƙarfin da ba shi da shi tun asali. Ƙarfin da ya ɓace yake komo da shi. In kuwa cikin babban famfo ya riga ya ci, lokaci kawai muka saya domin mu tara kuɗin gyara.

ABIN DA BA ZA MU YARDA DA SHI BA

A jikin babban famfo akwai wani sukurun da masu ƙera shi suka rufe da hatimi. Shi ne ake murzawa in an ce "a ƙara mata mai." Direba zai ji daɗi kwana kaɗan. Amma an ƙara mai ba a ƙara iska ba, sai ragowar ta fita baƙin hayaƙi, inji ya riƙa zafi, fistan da kan inji su sha wuya, kuɗin mai kuma ya hau. Baƙin hayaƙi kuɗin ƙungiya ne yake bin iska. In hatimi ya karye, kwamiti ya tambayi wanda ya ba da izini.

Hilux da ta fito daga 2005 zuwa gaba, mai rubutun D-4D, dabam take. Kwamfuta ce take auna mata mai, turin kuma yana kai psi 20,000 ko fiye. Ba a ƙara mata famfo da ka, ba a kuma kwance bututun nozul inji yana aiki. Abin da ya fi taimakonta shi ne ƙarin filta mai raba ruwa, a hannun wanda ya san irinta.

A kowace motar dizal, kada kowa ya sa yatsa yana neman inda bututun nozul ke yoyo. Man yana iya huda fata ya shige nama. Wanda hakan ya same shi, a kai shi asibiti nan take, ko da ramin bai fi na allura ba.

TSABTAR MAI

Sabon famfo ba zai daɗe ba in mai bai da tsabta. In muna ajiye mai a duro, a rufe shi, a sa shi a inuwa, a bar shi ya kwana kafin a ɗiba, kada kuma a ɗebo na can ƙasa. Kada a zuba dizal a bokitin kwano mai ruwan tutiya, gama yana ɓata mai. Kada a gauraya shi da kananzir, domin kananzir ba shi da santsin da famfo yake bukata. A cika tanki da yamma, domin tankin da ya kwana rabi yakan yi raɓa a ciki da sanyin dare. Direba ya tsiyaye ruwan filta kowane mako, ya kuma rubuta ranar canjin filta a littafin mota, magatakarda ya duba a taron wata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan a yi shi tun amfanin gona yana tsaye, kada a bari sai buhuna sun taru a bakin hanya, farashi yana sauka, mota tana gareji.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Wane irin inji ne a motarmu, ina kuma ƙaramin famfonta yake?

2. Yaushe aka canja filtar mai, wa ya rubuta?

3. A ina muke sayen mai, a cikin me muke ajiye shi?

4. Wa ke da ikon ba da izini a taɓa babban famfo?

5. Nawa muke warewa daga kuɗin kowane lodi domin gyara?