BABI NA TARA: AJIYAR MACIJI DA KULA DA ZAFIN MAZAUNINSA

9.0 Gabatarwa

Daga cikin sana'o'in gargajiya na Hausawa akwai gardanci, wato wasa da macizai a kasuwanni da wuraren bukukuwa. Yawancin masu nazari sukan mai da hankali ne kan kirarin gardi da magungunansa, su bar tambayar da ɗalibi mai basira zai iya jefa wa malaminsa: yaya maciji yake rayuwa a cikin akwati? Wannan babi zai amsa tambayar, tare da misalai daga ƙasar Haɗeja.

9.1 Maciji da Yanayi

Maciji yana cikin dabbobi masu jan ciki, kamar kada da damo da ƙadangare. Jikin waɗannan dabbobi ba ya samar da zafin da zai ishe shi, saɓanin na mutum ko akuya. In maciji ya ji sanyi sai ya fito hantsi, in rana ta take sai ya nemi rami ko gindin itace. Ko a labarin Bayajida ma, a cikin rijiyar Kusugu ta Daura macijin ya tare, wato wuri mai sanyi da laima.

Fadamar kogin Haɗeja, wadda ta miƙa har Nguru, matattara ce ta macizai, saboda yawan kwaɗi da ɓeraye da tsuntsaye. Akwai kasa da kumurci da mesa, musamman a dazuzzuka irin na Baturiya, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Yanayin yankin kuwa mai tsanani ne ta fuska biyu. Da bazara, a watannin Afirilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Da hunturu, a Disamba da Janairu, yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. Macijin dawa yana tsira ne domin yana da zaɓin inda zai kwanta. Wanda aka kulle a akwati kuwa an raba shi da wannan zaɓi, don haka nauyin ya koma kan wanda ya kulle shi.

9.2 Misalin Macijin Masara

A Amurka da Ingila akwai masu kiwon maciji a gida don sha'awa, kamar yadda ake kiwon tantabaru a nan. Daga cikin waɗanda suka fi kiwo akwai macijin masara, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka. Ba shi da dafi, kuma yakan yi farautar ɓeraye a kusa da rumbunan hatsi. Ƙa'idojin ajiyarsa su ne:

i. A raba mazaunin gida biyu: gefe mai ɗumi, kimanin digiri 28 zuwa 30, da gefe mai sanyi, kimanin digiri 22 zuwa 24.
ii. A sa abin ɗumamawa a gefe guda kawai, tare da na'urar da ke kashe shi in zafi ya kai iyaka. Maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har ya ƙone cikinsa bai gusa ba.
iii. A ajiye ma'aunin zafi a kowane gefe. Tafin hannu ba ma'auni ba ne.
iv. A tanadi maɓoya a kowane gefe, domin kada tsoro ya tilasta masa zama inda bai dace da jikinsa ba.
v. Kada a raba shi da ruwan sha.

Idan sanyi ya yi yawa, abinci ba ya narkewa a cikinsa, sai ya amayar da shi ko ya ƙi ci, kuma yakan kamu da ciwon numfashi. Zafi kuwa ya fi gaggawar kisa, domin sanyi yana ɗaukar kwanaki kafin ya yi illa, amma akwatin da aka bari a rana yana iya halaka maciji kafin a tashi daga kasuwa.

9.3 Bambancin Haɗeja da Turai

Bature yana fama ne da neman ɗumi, mutumin Haɗeja kuwa sanyi yake nema a yawancin shekara. Ɗakin kwano da bazara ya zarce abin da maciji zai jure. Ɗakin soro na ƙasa ya fi dacewa, domin katangarsa mai kauri tana tare zafin rana, ta kuma riƙe ɗumi da dare. Haka nan gindin randa yana da sanyi saboda ruwan da ke tsattsafowa daga jikinta. Wannan ne ma ya sa akan tarar da maciji a bayan randa ba tare da an gayyace shi ba.

9.4 Amfanin Darasin ga Malami

Ba manufar wannan babi ba ce a ƙarfafa wa kowa ajiye maciji mai dafi. Amma malamin da za a tura makarantar ƙauye a Guri ko Auyo ko Kirikasamma yana bukatar wannan sani. Zai gane dalilin da ya sa maciji ke shiga aji ko ƙarƙashin tulin karmami, da dalilin da ya sa ambaliya irin ta 2022 ke koro macizai zuwa tuddan da mutane suka fake. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. Idan ɗalibi ya gamu da sara, asibiti za a nufa da shi nan take, ba tare da tsaga wurin ko tsotsarsa ba.

9.5 Kammalawa

An ga cewa ran macijin da aka tsare ya rataya ne ga samar masa da ɗumi da sanyi a lokaci guda, a bar shi ya zaɓa.

Jinga

1. Kawo sunayen macizai biyar a karin harshen yankinku, ka siffanta kowanne.
2. Yi sharhi kan karin maganar nan: "Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu."
3. Yi hira da wani gardi kan yadda yake ajiye macizansa da bazara da hunturu, ka kwatanta da ƙa'idojin da ke 9.2.