Ciyar da Kyanwar da Ciwon Ƙoda Ya Fara Kamawa

Gabatarwa

Malam manomi, kyanwa ce mai gadin rumbunka. Idan ta kwanta ciwo, ɓeraye za su samu sarari su yi wa masara da shinkafarka ɓarna. Ciwon ƙoda mai daɗewa yana cikin cututtukan da suka fi kashe kyanwowi masu shekaru, musamman waɗanda suka haura shekara 10. Ƙodar da ta lalace ba ta komawa daidai, amma abinci mai kyau da isasshen ruwa suna rage saurin lalacewarta.

Yadda ɓarnar take faruwa

Ka san yadda tsatsa ke cin fartanyar da aka bari a waje, da yadda man gyaɗa ke canza wari idan ya daɗe. Iskar oksijin ce ke jawo duka biyun. Haka nan a jikin dabba, yayin da ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi, akan samu wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta. Jiki yana da masu kare shi daga gare su, kamar bitamin E da bitamin C. Idan masu ɓarnar suka rinjayi masu kariyar, ƙoda tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, domin ba ta hutawa wajen tace jini.

Alamomin farko

1. Yawan shan ruwa da yawan fitsari.
2. Rama a hankali da rage cin abinci.
3. Gashi ya daina sheƙi, wani lokaci da amai.

Ka sani alamomin ba sa fitowa sai kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya tafi. Da zarar ka gan su, ka kai ta asibitin dabbobi a auna jini da fitsari.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2000 an buga wani bincike da aka yi a Ingila. Kyanwowi masu ciwon ƙoda da aka ba su abinci mai ƙarancin fosfaras sun rayu kimanin kwana 633, waɗanda ba su ci shi ba kuwa kwana 264. Wani binciken na 2006 ya nuna cewa ƙara bitamin E da C da sinadarin karotin a abinci ya rage wannan ɓarna a jikinsu.

Abin da ya kamata ka yi

1. Ruwa. A Nassarawo da sauran unguwannin Jimeta da Yola, zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Ka ajiye ruwa mai tsabta a inuwa a wuri biyu ko uku, ka riƙa canza shi kullum. Ka jiƙa abincinta da romon da ba gishiri.
2. Kifi. Sabon kifin kogin Binuwai da aka dafa ya fi wanda ya daɗe a ajiye, domin man tsohon kifi yana lalacewa, ya cinye bitamin E na jiki. Ka cire ƙaya da kai, don a nan fosfaras ya fi yawa. Kada kifi ya zama abincinta shi kaɗai.
3. Nama. Kyanwa dabba ce mai cin nama, tuwo kaɗai ba zai riƙe ta ba. Ka ba ta dafaffen naman kaza da farin ƙwai, ka rage gwaiduwa da madara.
4. Canjin abinci. Ka yi shi sannu a hankali cikin mako biyu zuwa huɗu, don kada ta ƙi ci.

Gargaɗi

Kada ka ba ta ragowar miya, domin albasa da tafarnuwa suna fasa mata ƙwayoyin jini. Kada ka ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Bitamin kuma likita ne zai faɗi adadinsa.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi likitan dabbobi ko malamin gona mafi kusa da kai.