Ina Ruwan Yake Tafiya? Yadda Ake Gano Yoyon Ɓoye a Injin Motar Gudu

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sashen injiniyan motoci, ga wata matsala da za ta iya tarar ku a wurin SIWES ko a gareji bayan an gama makaranta. Mai mota ya zo ya ce duk mako sai ya ƙara ruwa, amma ƙasan motar ƙaf yake, ko ɗigo babu. Geji bai hau ba, inji bai yi kuka ba. To ina ruwan yake tafiya?

Hanya biyu ce kawai: ko yana fita waje ya ƙafe kafin ya taɓa ƙasa, ko yana shiga cikin inji. Aikinka shi ne ka raba tsakanin biyun da hujja kafin ka ɗora sufana a kan komai.

Me ya sa ba a ganin sa?

Mu yi ɗan lissafi. Ɗigo 20 yana ba da kusan mililita ɗaya. Idan tiyo yana sakin ɗigo ɗaya duk daƙiƙa biyar, motar kuma tana aiki awa ɗaya a rana, a mako an rasa kusan kwatan lita. Idan a kan salansa mai zafi yake sauka, nan take zai zama tururi. Ka ga ba za ka taɓa samun jiƙa a ƙasa ba.

Kada kuma a ce ƙaramin abu ne. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Idan aka haɗa shi rabi da rabi da sinadarin gilaikol, sai ya kai wajen 107. Idan murfi ya riƙe matsin bar ɗaya, sai ya haura 125. Ramin da ruwa ke fita ta nan matsi ke fita, matsi na faɗuwa kuwa ruwa zai tafasa da wuri a kan silinda. Daga nan sai gaskit ya ƙone ko kan inji ya lanƙwashe. Rigakafi ya fi magani.

Misalinmu: Porsche 911

Na ɗauki Porsche 911 samfurin 996, wadda kamfanin na Jamus ya fito da ita a 1997, domin ita ce 911 ta farko da ake sanyaya injinta da ruwa; na baya duk iska ce. Injinta mai silinda shida a kwance yana can baya, lagiretoci kuma suna gaba, a kusurwoyin bamba. Dogayen bututai ne ke bi ta ƙarƙashin motar suna haɗa su. Tana shan ruwa fiye da lita 20, alhali Corolla ba ta wuce shida zuwa bakwai. Mahaɗa ta yi yawa, wurin ɓuya ma ya yi yawa. Wanda ya iya bin yoyo a wannan motar, Golf ba za ta ba shi wahala ba.

Mataki na ɗaya: tabbatar akwai yoyon

Ruwa yana kumbura da zafi, don haka awon da aka yi inji na zafi ba abin dogaro ba ne. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri ta kwana. Da safe a yi alama da maka a jikin tankin ruwa, a rubuta kilomita. Bayan kwana uku ko huɗu a sake dubawa, inji a sanyaye. Kuma don Allah kada wanda ya buɗe murfi inji na zafi. Mutane da yawa sun ƙone fuska a nan.

Mataki na biyu: ido da hanci

Ruwan ya ƙafe, amma ya bar sawu. Nemi busasshen gari fari ko ruwan hoda a bakin tiyo, a kan kilif, da ƙasan famfon ruwa, inda ƙaramin rami yake da ke zubarwa idan sil ya fara mutuwa. Gilaikol yana da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Shaƙa kawai, kada ka ɗanɗana, guba ne. A 996 a duba tankin roba da ke ɗakin inji, domin yakan tsage idan ya tsufa. A ƙanwarta Boxster tankin yana cikin but na baya, sai ka ɗaga kafet ka ga jiƙa. A gaba kuma ganyaye da datti sukan taru tsakanin lagireto da kwandensan AC, su riƙe laima har ƙarfen ya ci. Idan ƙamshin a cikin mota yake, gilashi kuma yana yin hazo, zargi hita.

Mataki na uku: gwajin matsi

A nan ne ake rarrabe aya da tsakuwa. Ana ɗaura famfon hannu mai geji a bakin tanki, a hura zuwa adadin da aka ƙayyade wa murfin, kada a wuce, don kada ka fasa abin da yake lafiya. Jira minti 20 zuwa 30. Idan allura ta sauka, akwai rami. Ɗauki tocila da ƙaramin madubi ka bi layin tun daga baya har gaba. A gwada shi kansa murfin, domin murfi mai raunin sifirin yana sakin tururi ba tare da ɗigo ba, kuma yana cikin abubuwa mafi arha a duk tsarin.

Lura: wani yoyon sai da sanyi, lokacin da ƙarfe ya tsuke kilif ya saki, wani kuma sai da zafi, lokacin da tsaga ta buɗe. Wucewa gwaji ɗaya ba ya wanke mota.

Mataki na huɗu: rini

Idan har yanzu shiru, a zuba rinin da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitilar UV. A tuƙa motar kwana biyu, sannan a haska a wuri mai duhu. Bi hasken zuwa sama, domin ruwa gangarowa yake yi, iska kuma tana kwasar sa baya. Inda ka fara gani ba lallai nan ne tushen ba.

Mataki na biyar: cikin inji

Waje ya fita tsaf amma matsi na sauka? To sai a duba ciki. Alamomi su ne farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, rawar inji da sassafe, baƙin mai da ya koma kamar shayi da madara, ko fulogi ɗaya da ya fi sauran tsabta saboda tururi ya wanke shi. Hujjar ita ce gwajin sinadari: ana zuƙo iskar saman tanki ta cikin wani shuɗin ruwa, idan ya koma ɗorawa, hayaƙin silinda yana shiga ruwa. Amma idan mai ka gani yana yawo a tanki, duba na'urar sanyaya mai tukuna, domin a cikinta mai da ruwa suke maƙwabtaka, matsin mai kuma ya fi na ruwa. Kada ka yi wa gaskit hukunci ba shaida.

Bayan gyara

Abu uku nake roƙo. Kada a zuba garin toshe yoyo, yakan toshe hita da siraran hanyoyin lagireto. Kada a cika da ruwan rijiya ko na famfo, gishirinsa yana kafa tsatsa. A sa kulan irin wanda kamfani ya ce da tataccen ruwa. Sannan a fitar da iska sosai, a mota mai dogon layi irin wannan an fi amfani da na'urar zuƙe iska wajen cikawa. A ƙarshe a maimaita gwajin matsi, a sake yin alamar maka.

Duk wanda ke da firaktikal a wokshop wannan zangon, ya nemi izinin malami ya gwada famfon matsin a kan injin koyarwa, ya sassauta kilif ɗaya kaɗan ya ga yadda allura ke sauka. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.