Darasi: Wankin Kayan Cikin Injin Moto

Moto ƙafar mutanen karkara ce. Da ita ake zuwa kasuwa, da ita ake kai mara lafiya likita. In inji ya gaji, ana kwance shi a sa sabbin kaya. Amma sau da yawa bayan wata biyu ko uku moto ta koma hayaƙi da shan mai. Kuɗi sun tafi banza. Dalili shi ne datti da aka rufe cikin inji.

Rairayi ya fi ƙarfen fistan ƙarfi. In ya gauraya da mai, yana cin fistan da zobbansa da silinda kamar dutsen niƙa.

Ga yadda mai gyara ya kamata ya yi:

1. Ya wanke bayan inji kafin ya buɗe shi. Kada ya yi aiki cikin iska mai ƙura. Ya jera kaya cikin tire mai tsabta, ba bisa ƙasa ba.

2. Ya samu kwano biyu na gazuwal ko kananzir: ɗaya na wanki, ɗaya na ɗauraya. Ban da isansi, domin saurin kama wuta gare shi.

3. Baƙin da ya daskare bisa kan fistan, a jiƙa shi, a kankare da itace. Ramukan zobba kuma a share su a hankali da guntun tsohon zobe. Inji ba tukunya ba ne: ba a cuɗa shi da yashi ko toka.

4. Ƙananan hanyoyin mai, a hura su da famfon iska har su buɗe. A wanke rariyar mai.

5. In an gurza cikin silinda, a wanke shi da ruwan zafi da sabulu. A goga farin ƙyalle a ciki. In ya fito da baƙi, a sake wanki. Sannan a tsane shi, a shafa mai nan take don kada ya yi tsatsa.

6. Kowane ƙarfe a shafa masa sabon mai kafin a mayar da shi. In moto ta yi kamar kilomita 500, a juye man, a zuba wani.

Man da aka yi wanki da shi guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya, kuma a ɓoye shi ga yara.

Tambayoyi:
Me rairayi ke yi wa inji?
Don me ba a wanki da isansi?
Yaya ake gane silinda ya wanku?