Daga Ina Sule Da Kwabo Suka Fito?

A ajin Turanci an koya mana cewa sunan kuɗi "money". Amma idan Ba'amurke yana hira da abokinsa, wani lokaci akan ji ya ce "gelt" ko "mazuma". Amurkawa sun ɗauko waɗannan kalmomi ne daga Yidish, wato harshen Yahudawan gabashin Turai. Tsakanin 1880 da 1924 kimanin mutum miliyan 2 daga cikinsu suka yi ƙaura zuwa Amurka, da yawa suka zauna a birnin Niyok suna ɗinki da saye da sayarwa. Maƙwabta suka riƙa jin kalmomin a wurin ciniki, har suka zauna a bakinsu. Asalin "mazuma" Ibrananci ne, ma'anarta abin da yake a shirye, wato kuɗi hannu.

To, ba sai mun je Amurka ba. Mu saurari dattawanmu na Rano da Kibiya. Har yau mutum yakan ce, "Ko sisi ba ni da shi," alhali bai taɓa riƙe sisi ba. Sule daga "shilling" ta fito, fam daga "pound", sisi daga "sixpence", kwabo kuwa daga "copper", domin da tagulla ake yin sa. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Taro kwabo 3 ne. Anini, mai huda a tsakiya, sai an tara 10 su cika kwabo.

Kalmar "kuɗi" ita ce tamu ta gado, jam'in "wuri" ce. Amma shi kansa wurin baƙo ne, yawancinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka kawo shi. Dala ta fi su duka yawo. Sunan wani kuɗin azurfa ne na Turai, "thaler", wanda fatake suka shigo da shi ƙasar Hausa ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780. Daga wannan suna ne dalar Amurka ta samo nata. A Maraɗi kuwa dala tana nufin sefa 5, don haka wanda aka ce wa dala 100, sefa 500 zai biya. Baƙo da yawa ya sha kunya a nan.

Ranar 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta bar fam ta koma naira da kobo. Fam ɗaya ya zama naira 2, sule ya zama kobo 10. Jaka, wadda a da fam 100 ce, ta zama naira 200, shi ya sa dattijo zai ce jaka 5 yana nufin naira 1,000.

Mu ɗalibai mukan yi dariya idan kaka ta fara lissafi da fam. Bai kamata ba. Akwai gonakin da aka jinginar tun kafin 1973, kuma shaidun da suka rage da fam da sule suke tuna abin da aka karɓa. Ranar da aka zauna gaban mai gari za a fanshi gonar, ɗan makaranta ake kira ya yi lissafi. Idan an ce fam 15, mu sani naira 30 ce a lissafin canji. Ko naira 30 ta yau ta kai fam 15 na wancan zamani, wannan kuma gardama ce da dattawa kan kwana a kanta.