Idan Matashi Ya Karye a Ƙaramar Faɗuwa: Aikin da Ke Kan Iyaye

A yankin Gwaram da Birnin Kudu, da zarar an ce wane ya karye, abin da ake fara tambaya shi ne wane mai ɗori za a kira. Ba kasafai ake tambayar dalilin karayar ba. Idan babur ne ya buge mutum ko ya faɗo daga bishiya, dalili a fili yake. Amma idan ɗan shekara 25 ko 30 ya zame a bakin rijiya, ya dafa ƙasa, hannu ya karye, to da walakin. Ƙashin mai irin waɗannan shekaru bai kamata ya karye a faɗuwar da ba ta wuce tsayin mutum ba.

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsoho yana gina sabo, kuma ginin ne ke rinjaye har zuwa wajen shekara 30. Idan rushewar ta fi ginin yawa, sai cikin ƙashin ya zaizaye, ya zama kamar azarar da gara ta ci: daga waje lafiya lau, ciki kuwa holoƙo. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira ostiyoforosis. Ba ya zafi, ba ya kumburi, sai ranar da wuyan hannu ko ƙugu ko ƙashin baya ya karye. An fi saninsa a jikin tsofaffi, domin ƙididdigar duniya ta nuna mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. Idan kuwa ya bayyana a jikin matashi, galibi akwai wani abu da ya jawo shi, kuma gano wannan abin shi ne matakin farko na magani.

Mai wannan rubutu ma'aikaciyar gashin ƙashi ce. A bakin aikinta ta haɗu da wata dattijuwa daga wani ƙauye kusa da Basirka, wadda ta rako 'yarta mai shekara 27. Watanni kafin nan 'yar ta karye a wuyan hannu, aka yi mata ɗori a gida. Daga baya ta sunkuya za ta ɗaga jarkar ruwa, bayanta ya riƙe, ta kasa miƙewa. Hoton ƙashi ya nuna gaɓoɓi biyu na ƙashin bayanta sun lotsa. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, amma hannuwanta da ƙafafunta sirara ne, ga nankarwa a ciki da cinyoyi. Da aka tambaye ta ko tana shan wani magani, sai ta sunkuyar da kai ta ce babu.

'Yar fari ce, don haka uwar ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce “yarinyar nan”. Duk da wannan kunya, ita ce ta dawo a zuwa na gaba da baƙar leda ɗaure a bakin zane, ta kwance a kan tebur. Ƙwayoyin ƙara ƙiba ne da ake kira sha-ka-fashe, a cikinsu har da deksametason. Tun ana shirin bikinta 'yar ta fara sha, saboda ana ta ce mata ta rame.

“Malama, na san tana sha,” in ji uwar, “amma wallahi ban san yana cin ƙashi ba.”

“Inna, kin kyauta da kika kawo. Yanzu likita ya san inda zai fara.”

Deksametason da firednisolon suna cikin magungunan da ake kira sitiroyid. Suna da amfani sosai idan likita ya rubuta su don asma ko wasu cututtukan gaɓoɓi da fata. Sai dai suna raunana ƙwayoyin da ke gina ƙashi, suna kuma hana hanji tsotsar sinadarin kalsiyam yadda ya kamata. Shan su kullum na wata uku ya isa ya fara yin ɓarna, kuma zaizayar ta fi sauri a watannin farko. Wasu mayukan bilicin ma suna ɗauke da su, suna shiga jiki ta fata. Abin da ya wajaba iyaye su sani shi ne, ba a yanke shan su dare ɗaya. Jikin da ya saba da su yakan rage samar da nasa sinadarin, don haka tsayarwa farat ɗaya na iya jawo amai da faɗuwar jini da suma. Likita ne zai riƙa rage su kaɗan-kaɗan.

Akwai sauran dalilai: ciwon sikila, ciwon ƙoda, maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, wasu magungunan farfaɗiya irin su fenobabiton, ɗaukewar al'ada tsawon watanni ba tare da ciki ko shayarwa ba, shan taba, da ƙarancin kalsiyam tun daga yarinta. Wani bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya gano cewa yaran da ƙafafunsu suka lanƙwashe abincinsu ba ya ba su fiye da kusan miligiram 200 na kalsiyam a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai warkar da su.

A nan ne uwa da uba suka fi kowa amfani. Su ne suka san ciwon da ɗansu ya yi yana ƙarami, da wanda ya taɓa karyewa a dangi. Su tattara duk abin da yake sha ko shafawa, na asibiti da na kemis da na gargajiya, su kai wa likita. Daga Basirka ana iya farawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, idan da buƙata a tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Akan yi gwajin jini, akan kuma auna ƙarfin ƙashi da na'urar DEXA, domin hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ciwon sai ya yi nisa. Magani irin alendironet ana shan sa da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, kuma ba a kwantawa sai bayan minti 30. Macen da ke fatan haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta mata shi.

Baligi yana buƙatar kusan miligiram 1,000 na kalsiyam a rana. Kofin nono ko kindirmo yana ba da kusan 300. Ga miyar kuka, ga zogale, ga riɗin da Jigawa ta yi suna wajen nomansa, ga ƙananan busassun kifaye da ake ci da ƙayarsu. Bitamin D kuwa daga rana fata ke samar da shi, don haka zama a tsakar gida da hantsi yana da amfani, musamman ga matan da ba sa yawan fita.

Kuskuren da aka fi yi cikin tausayi shi ne a kwantar da mara lafiya a ɗaki a ce kada ya motsa. Ƙashin da ba ya ɗaukar nauyin jiki ƙara zaizayewa yake yi. Abin da ake gujewa shi ne ɗaga jarka mai lita 25, da sunkuyon shara da wanki, da doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada. Tafiya a ƙasa kullum da atisayen da aka koyar a asibiti su ne ake so. A gyara santsin banɗaki, a sa fitila a hanyarsa. Idan ruku'u da sujada suna tayar da ciwon baya, malamai sun yi bayanin sassaucin yin salla a zaune.

Kada kuma a manta wanda ake jinya babba ne, wataƙila da aurensa da 'ya'yansa. A bar shi ya yi magana da likita da bakinsa, a sa mijin ko matar cikin shawara, a daina gorin abin da ya wuce. Dattijuwar nan ta ɗauke wa 'yarta ɗiban ruwa da daka, ta bar mata girki a kan kujera mai jingina, kullum da yamma suna zaga unguwa tare. Likita ya janye ƙwayoyin a hankali, ciwon bayan ya lafa.

Iyaye, duk matashin da ya karye a ƙaramar faɗuwa, ko bayansa ya riƙe babu dalili, ko aka lura tsawonsa na raguwa, a kai shi asibiti ko da an riga an yi masa ɗori, a kuma tafi da duk magungunan da yake sha.